Kafin A Taɓa Ɗan Dara

Karatu: 1 Sama'ila 4:1-11, Luka 22:39-46

A cikin garin Daura, a wani lungu da ba shi da nisa da kasuwa, akwai wata bishiyar darbejiya, wadda mu a nan muke kira bedi, inda dattawa suke taruwa bayan la'asar su yi dara. Shekaru da dama ina bi ta wurin idan na fita ziyarar 'yan ikkilisiya. Sun san ni fasto ne, ni ma na san su Musulmi ne, gaisuwa kuwa ba ta taɓa yankewa a tsakaninmu ba, har ta kai sukan matsa su ba ni gefen tabarma. A cikinsu akwai wani tsohon baduku wanda kowa ya sallama masa a wasan. Abin da ya fara jan hankalina gare shi shi ne abin da yakan yi kafin a soma. Yakan tuɓe takalmansa ya ajiye su a hagunsa, ya jingina da gindin bishiyar, ya sa tafin hannu ya share ƙasa sau uku, sa'an nan ya haƙa gidajen dara da kansa, ba ya yarda wani ya haƙa masa. Bayan haka sai ya kwance wata 'yar jakar fata, ya zazzage tsakuwoyi goma sha biyu waɗanda hannu ya goge har suna ƙyalli, ya ƙidaya su, ya sāke ƙidayawa. Daga nan sai ya yi bisimilla, ya ɗaga kai ya dubi abokin wasansa. Ban taɓa ganin ya tsallake ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Wanda bai san dara ba zai ce wannan ba abin mamaki ba ne, ai duk mai shiga fage yana da nasa. Ɗan dambe yana da layarsa, ɗan kokawa yana da gurunsa, mai caca ma yakan hura wa karta iska kafin ya buɗe. Amma dara daban take. Gidaje talatin ne, jere biyar masu gida shida shida, kowane mutum da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya da tsakuwa, ɗaya da kara. Ana zuba su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a shiga matsawa gida ɗaya ɗaya, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa. Ba a jefa ƙuri'a, ba a ɓoye kome a hannu, ba iskar da za ta karkatar da ɗa daga gidan da aka sa shi. Duk abin da zai ci mutum yana nan shimfiɗe a gabansa, ido na ganin ido. To, a wasan da ba ruwansa da sa'a, me mutum yake tsoro har da zai kewaye kansa da ka'idodi kafin ya fara?

Wannan tambaya ta daɗe tana yawo a raina, ta kuma ƙara nauyi sa'ad da ɗana na biyu ya koyi ches, wato darar Turawa, a makarantar sakandare. Wasan ba baƙo ba ne ƙwarai a ƙasarmu kamar yadda ake zato, gama a dā a fadar Barno an daɗe ana yin wani irinsa da ake kira tsatsarandi. A 'yan shekarun nan kuma matasa sun ƙara rungumarsa, musamman bayan da Tunde Onakoya ya yi sa'o'i 60 yana wasa a birnin New York a watan Afrilu na 2024 domin tara kuɗin ilimin yara. Gidaje 64 ne, kowane mutum da 'ya'ya 16, shi ma kuma, kamar dararmu, ba ƙuri'a a cikinsa. A gasa akan yi musafaha kafin a fara, a ajiye agogo mai fuska biyu a gefe, kowa ya riƙa rubuta motsinsa a takarda, ɗan da ka taɓa kuwa dole ka matsa da shi. Wasa ɗaya yakan ci sa'a huɗu ko biyar. Ta wurin yaron nan na san labarin gwanayen wasan, na kuma ga cewa tsohon badukun nan na Daura yana da 'yan'uwa a cikin manyan masu basira na duniya.

Alexander Alekhine, wanda yake riƙe da kambun duniya, ya je karawarsa da Max Euwe a ƙasar Holan a 1935 tare da kyanwarsa, yakan bar ta ta shinshina allon kafin a fara. Kyanwar ba ta hana shi rasa kambun ba. Garry Kasparov, wanda aka haifa ranar 13 ga Afrilu, ya kuma zama zakaran duniya na 13 a 1985, ya ɗauki lambar nan a matsayin tasa ta sa'a. Yakan cire agogon hannunsa ya ajiye a kan tebur, in an ga ya mai da shi hannu an san ya gama da abokin karawarsa. Abin ya fi muni a Baguio ta ƙasar Filifin a 1978, inda Anatoly Karpov ya kara da Viktor Korchnoi. Tawagar Karpov ta zo da wani mutum mai suna Vladimir Zukhar wanda yakan zauna cikin 'yan kallo ya ƙura wa Korchnoi ido, Korchnoi kuwa ya sa tabarau mai madubi, aka yi ta rigima a kan layin da mutumin zai zauna. Da a ce a dandalin dambe aka yi wannan, da mun ce kambun baka ne da maita, mu yi dariya mu ce jahilci ne na mutanen ƙauye.

Akwai kuma Mikhail Botvinnik, wanda ya zama zakara a 1948. Shi ma yana da al'adunsa da ba ya saɓawa. Yakan taka da ƙafa kafin wasa domin kansa ya washe. Da ya lura hayaƙin taba yana damunsa, a zamanin da ake shan taba a zauren gasa, sai ya sa abokin horonsa Ragozin ya riƙa busa masa hayaƙi a fuska suna wasa, har ya saba. Wanda ya dubi Botvinnik da Alekhine daga nesa zai ce duka biyu masu tsarabe-tsarabe ne. Ni dai ban yarda abu ɗaya suke yi ba, bambancin da ke tsakaninsu kuwa shi ne abin da nake so mu bincika, gama yana nan a cikin majami'unmu kowace Lahadi.

Wata rana na yi ƙarfin hali na tambayi tsohon badukun dalilin share ƙasar nan sau uku. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Malam Fasto, na baro gida da rigimar kuɗin cefane a kaina. In ban tsaya na share ƙasa ba, da rigimar zan zauna, ita ce kuma za ta yi mini wasan." Na yi shekaru a makarantar tauhidi, amma ban ji wanda ya bayyana amfanin al'ada a taƙaice kamar haka ba. A nan ne amsar tambayata ta farko take. Abin da ɗan dara yake tsoro yana zaune ne a cikinsa. Ya san ranar da idonsa ya ga tarko daga nesa, ya kuma san ranar da ya zura ƙafa a cikin tarkon da yaro ma zai gani, bai kuwa san wanne daga cikin mutanen nan biyu zai zauna a tabarma yau ba. Allon ba ya yaudara, amma zuciya tana yi. Saboda haka duk abin da mutum zai yi ya tattaro hankalinsa daga kasuwa da gida da bashi ya kawo shi wuri ɗaya, abu ne mai kyau, hikima ce irin wadda Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ga gwajin wannan da idona. Wata rana ya zazzage jakarsa ya ƙidaya, sai ga tsakuwa goma sha ɗaya. Jikansa ya yi wasa da jakar. Wurin ya yi tsit, kowa yana jiran abin da zai faru. Ya yi tsaki sau ɗaya, ya miƙa hannu ya tsinci ƙwallon dabino a ƙasa, ya goge a rigarsa, ya cike gurbin. Ban tuna ko ya ci ko an ci shi a ranar ba, shi ma ban ga alamar ya jingina abin da ya faru ga tsakuwar ba.

Ni ban iya yin abin da tsohon nan ya yi ba, ga kuma yadda abin ya kasance. Sa'ad da ɗana ya shiga jami'a aka zaɓe shi ya wakilci makarantarsu a wata gasa ta kwana biyar. Ranar farko ya kira ni da safe ya ce, "Baba, ku yi mini addu'a." Na yi masa ta waya, ya shiga ya ci. Kashegari ya kira a daidai wannan lokaci, na maimaita kusan kalmomin jiya, ya ci. Rana ta uku ma haka. A rana ta huɗu ina wani ƙauye ta wajen Baure ana jana'izar wata tsohuwa 'yar ikkilisiya, wurin kuwa babu sabis. Da na dawo da dare na tarar ya kira sau tara. Na kira shi, muryarsa a dusashe, ya ce, "Baba, da kun ɗauki waya da ban fāɗi ba."

Ina jin kunyar faɗin abin da ya fara zuwa zuciyata, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daɗi na ji. Na ji daɗi cewa ɗana yana ganin addu'ata tana da ƙarfin da za ta juya wasa daga nisan ɗaruruwan kilomita. Sai da na kwanta barci ya ƙi zuwa na gane abin da ya faru: a cikin kwana uku kacal na zama layar ɗana, na kuwa yarda da matsayin. Ni da nake tsayawa a bagade ina gargaɗin mutane a kan guru da kambu, ga shi an ɗaura ni a damtse ban ce uffan ba. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani.

Da ya dawo hutu muka zauna ya nuna mini takardar wasan. Ban ƙware ba, amma ya bayyana mini. Ya ce tun da ya zauna hankalinsa yana kan kiran da ba a amsa ba, yana ta ce wa kansa yau ba ranarsa ba ce, har ya yi wani motsi na gaggawa tun wasa bai yi nisa ba, ya ba da ɗa a banza. A wata fuska, ashe, gaskiya ya faɗa: rashin kiran ne ya kā da shi. Haka camfi yake kafa hujjarsa. Yakan ce maka in ba ka yi kaza ba za ka fāɗi, ranar da ba ka yi ba sai ya cika ka da tsoro har ka fāɗi, sa'an nan ya nuna faɗuwar ya ce, ka gani? Ba ya bukatar wani iko na ɓoye, tsoronka ya ishe shi jari. Kowace nasara takan ƙara masa daraja, kowace faɗuwa ma takan ƙara masa, shi ya sa yake da wuyar fita daga gidan da ya shiga.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu wannan labari a sikeli mai girma a sura ta huɗu ta littafin Sama'ila na fari. Isra'ilawa sun kafa sansani a Ebenezer, Filistiyawa a Afek. A karon farko aka kashe wa Isra'ila mutum wajen dubu huɗu. Dattawa suka taru suka yi tambayar da ta dace, wato dalilin da ya sa Ubangiji ya bari aka ci su, amma ba su tsaya jiran amsa ba. Da sun jira, da an nuna musu Hofni da Finehas, 'ya'yan Eli, waɗanda suka mai da hadayar Allah abincin ƙwace, suka ƙazantar da ƙofar alfarwa. Tuba yana da tsada, ɗauko akwati kuwa aikin yini ɗaya ne. Sai suka aika Shilo aka kawo akwatin alkawari, mutanen nan biyu da kansu suna rakiyarsa. Sansani ya ɗauki sowa har Filistiyawa suka firgita. Aka gwabza, Isra'ila ta rasa sojan ƙasa dubu talatin, aka ƙwace akwatin, 'ya'yan Eli suka mutu, tsohon da kansa, yana da shekara 98, ya fāɗo daga kujera da jin labarin, wuyansa ya karye.

Mu lura, 'yan'uwa, cewa abin da suka ɗauko ba gunki ba ne. Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera akwatin nan, shi ne ya wuce gaba sa'ad da aka haye Urdun, shi aka zaga Yariko da shi. Dattawan suna da tarihi a bayansu, kamar yadda ɗana yake da nasara uku a bayansa. Kuskurensu shi ne sun ɗauka cewa wanda ya riƙe akwatin ya riƙe Mai akwatin, in an kai shi fagen fama Allah ba shi da zaɓi sai ya yi yaƙi domin ya kāre sunansa. Allah kuwa ya gwammace a ɗauki akwatinsa ganima da a mai da shi kansa laya. Sura ta biyar ta nuna ba rauni ne ya sa ba: a haikalin Dagon, inda ba Ba'isra'ile ko ɗaya da zai yi sowa, gunkin ya wayi gari rubda ciki a gaban akwatin. Bayan shekara ashirin, a Mizfa, sa'ad da Sama'ila ya sa jama'a suka rabu da baƙin alloli suka yi azumi suka furta zunubinsu, aka ci Filistiyawan nan, ba wanda ya aika a ɗauko kome.

A ganina ma'aunin ke nan. Al'adar kirki tana aiki a kan mai yinta, tana gyara shi domin abin da ke gabansa. Camfi yana ƙoƙarin yin aiki a kan abin da ba ya hannun mutum, ya ɗaure sakamako, in ya yiwu ya ɗaure Allah. Daga waje ba a rarrabe su, gama share ƙasa sau uku zai iya zama kowanne daga cikinsu, addu'ar safe ma haka. Ranar da tsakuwa ta ɓace ake ganewa.

Wani zai ce, to, tun da haɗarin ya kai haka, me zai hana mu watsar da al'adu gaba ɗaya, mu bauta wa Allah yadda zuciya ta motsa? Na taɓa jin matasa masu himma suna faɗar haka, suna kafa hujja da cewa sabo turken wawa ne. Ban goyi bayansu ba. Mutumin da ba shi da lokacin addu'a da ya tsayar, ba da daɗewa ba zai zama mutumin da ba ya addu'a. Dawuda ya ƙi kayan yaƙin Saul domin bai saba da su ba, ya gangara rafi ya zaɓi duwatsu biyar masu sulɓi, ya ɗauki majajjawar da hannunsa ya sani tun yana kiwon tumaki. Zaɓen duwatsun nan aikin gwani ne wanda ya san irin dutsen da yake tafiya sak, ya kuma ɗauki biyar domin bai ɗauka cewa jifan farko ba zai iya kuskurewa ba. Duk da haka da ya buɗe baki a gaban Goliyat bai yi fahariya da majajjawa ba, ga Ubangiji ya jingina yaƙin.

Daniyel ya fi ba ni mamaki. Sau uku a rana yakan durƙusa a gaban tagar da take fuskantar Urushalima. Da addu'ar nan laya ce, da ranar da aka kafa dokar hana ta ya jefar da ita, gama ba wanda yake riƙe layar da take jawo masa mutuwa. Al'adarsa ce ta kai shi ramin zakoki, yana sane, bai kuwa rufe tagar ba. Ubangijinmu Yesu ma haka. Luka ya gaya mana cewa fitarsa zuwa Dutsen Zaitun a daren da aka bāshe shi al'adarsa ce, Yahaya kuma ya ƙara da cewa Yahuza ya san wurin domin sun saba taruwa a can. Da ya sāke wuri a daren nan kaɗai, da masu fitilu da sanduna sun sha wahalar nemansa. Wurin da ya saba yin addu'a shi ne wurin da aka kama shi.

Sai dai kada mu sakankance, gama abu mai kyau yakan juye a hannunmu ba mu sani ba. Macijin tagulla da Musa ya ɗaga a jeji bisa ga umarnin Allah, wanda duk wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu, bayan ɗaruruwan shekaru an tarar da Isra'ilawa suna ƙona masa turare, har sai da sarki Hezekiya ya farfashe shi. Ba wanda ya tashi rana ɗaya ya ce bari mu mai da shi gunki. A hankali abin ya rikiɗa. Idan na shiga gidajen 'yan ikkilisiya ina ganin Littafi Mai Tsarki a buɗe a Zabura ta 91 a kan talabijin, ƙura ta rufe shafin, ba a karantawa amma ba a yarda a rufe. Ina ganin kwalaben man zaitun da hankicin da aka sayo a wurin taro da kuɗin da ya kamata a biya wa yaro makaranta. Na san za a tuna mini cewa a Afisa an kai wa marasa lafiya ƙyallayen da suka taɓa jikin Bulus suka warke, ban kuwa musa ba. Amma a wannan sura ta 19 ta Ayyukan Manzanni ne 'ya'ya bakwai na wani firist suka ɗauki sunan Yesu kamar kalmar tsafi, suka fito da gudu tsirara da raunuka, a nan ne kuma masu bi suka tattaro littattafan sihirinsu suka ƙone a gaban jama'a. Da yawa daga cikinmu a wannan yanki iyayenmu ko kakanninmu sun ƙone layu da guraye ranar da suka karɓi baftisma. Abin baƙin ciki ne jikokinsu su sāke ɗaura su da sabon suna.

Mu mutanen Daura muna da labarin da ya kamata ya sa mu fahimci wannan fiye da kowa. Kowane yaro ya san rijiyar Kusugu da macijin da ake kira Sarki, wanda ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo Bayajidda ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya ɗauki guga ya nufi rijiyar da dare. Abin da yakan tsaya mini a rai shi ne rijiyar nan cike take dukan kwana bakwai, gari guda yana kwana da ƙishi a gefenta, an tsara wanka da wanki da girki bisa ga abin da ake tsoro. Kirista wanda yake ganin Allah ba zai ji shi ba sai ta bakin wani mutum, ko a wata sa'a, ko da wasu kalmomi da ba a sākewa, yana zaune a bakin rijiya yana jiran Juma'a.

Saura tambaya mai wuya, wadda ɗana ya yi mini ba tare da kewaye-kewaye ba: "To, Baba, laifi ne in roƙi Allah in ci?" Na yi shiru na ɗan lokaci. Na tuna masa cewa wanda ya ci shi a rana ta huɗu, bisa ga abin da shi da kansa ya gaya mini, ya sunkuyar da kai ya yi addu'a kafin su yi musafaha. Wataƙila shi ma yana da uba a wani gari da ya yi masa addu'a da safe. In addu'a igiya ce da ake ja, to Allah ya zama abin da uba biyu suke ja-in-ja a kansa, wanda ya fi ƙarfin murya ya tafi da shi. Na ce masa ban ga laifi ba ɗa ya faɗa wa Ubansa abin da yake so, ko da abin ƙarami ne kamar wasa, gama wanda yake ɓoye wa Allah ƙananan muradansa zai ɓoye masa manya. A Getsamani Yesu bai ɓoye nasa ba, ya roƙa a fili a ɗauke masa ƙoƙon wahala, har sau uku, da maganar da ba ta sāke ba. Maimaitawa ita kaɗai, ashe, ba camfi ba ce. Amma kowane karo yakan miƙa abin ga nufin Uban. Ba a ɗauke ƙoƙon ba. Abin da aka ba shi shi ne mala'ika da ya ƙarfafa shi, ya tashi daga durƙuson ya tafi ya taryi masu kama shi da ƙafarsa, alhali almajiran da suka yi barci a lokacin addu'a suka watse. Addu'ar da ta fi kowace addu'a tsarki a duniya an yi ta kafin karo mafi girma, ga idon masu kallo kuwa mai yinta ya sha kāshi kashegari.

Na roƙi gafarar ɗana saboda daɗin da na ji a daren nan. Ya yi mamaki, gama a gidanmu ba a saba uba ya roƙi gafarar ɗa ba. Ban hana shi kirana ba, ban kuma daina yi masa addu'a ba, sai dai na sāke abin da nake roƙo. Ina roƙo Allah ya ba shi natsuwa ya ga abin da ke gabansa, ya tsare shi daga raina abokin karawarsa da kuma tsoronsa, ya sa in ya taɓa ɗa bisa kuskure ya matsa da shi ko alƙali bai gani ba, ya ba shi hannun da zai iya miƙawa da gaskiya ko ya ci ko an ci shi. Nakan ƙara da cewa muna so ya ci, domin gaskiya ne muna so. Na kuma ce masa wani lokaci da gangan ba zan ɗauki wayar ba, ya durƙusa shi kaɗai.

Na bincika nawa kayan ni ma. Akwai wani tsohon alƙalami da na yi shekara goma sha ɗaya ina rubuta wa'azi da shi, na kuma tuna wata Asabar da na birkita gidan duka, na yi wa matata faɗa, domin ban gan shi ba. Na ba wani yaro a makarantar Lahadi. Makonni biyu na farko hannuna yana nemansa a aljihu kafin in hau bagade.

A gasar da ta biyo baya ɗana ya kira da safe, ina zaune a ofis, wayar tana kan tebur a gabana. Na bar ta ta yi ƙara har ta katse, ina addu'a a zuciyata, ba kuwa da sauƙi na janye hannuna ba. Bai sāke kira ba. Da yamma na bi ta gindin bedi, na tarar tsohon baduku yana share ƙasa, ƙwallon dabinon nan har yanzu yana cikin tsakuwoyinsa. Ina zaune a gefen tabarma saƙo ya shigo: "Baba, an yi canjaras, sa'a biyar. Na ga abin da ya shirya mini tun daga nesa. Ku gai da Mama."